Garin da Basha da Hanim Suka Zaɓa

Shafi na 23

Jama'a, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da na wanda ya ce in na ƙara jinkiri zai zo gida ya karɓi labarin da hannunsa. Ka zo, ɗan'uwa, amma ka bi matakalar a hankali.

Wata baiwar Allah kuma tana ta tambaya ko tsagar bangon ta ƙaru. Ta ƙaru. Da can kokwamba ce ke iya shiga, yanzu kyanwar mai gyaran takalmi ta daina bi ta ƙofa, ta nan take wucewa, har takan tsaya a tsakiya ta lashe jikinta.

Ga wanda yau ya shigo: ni ne Mitwalli, maƙwabcin Bayyumi mai gyaran risho a unguwar Darbul Ahmar tun muna da gashi a ka. Benen da muke ciki an ce kowa ya tashi kafin wata ya mutu. Ni ƙanwata ta ba ni ɗaki. Shi kuwa Bayyumi 'ya'yansa biyu ke jan sa, Fikri mai sayar da kayan gwari a Ubur, da Widad matar likitan haƙori a Shuruk, garuruwa biyu da aka dasa a hamada kafaɗa da kafaɗa. Da rigima ta ishe shi sai ya raba tattabarun da ya fi so, miji da mata. Ya kai namijin, Basha, Ubur, ya kai macen, Hanim, Shuruk, ya ce a tsare su su kwana biyu sannan a sake su. Garin da ɗaya ya bi ɗaya suka haɗu, can zai kai tattabarunsa da katifarsa da matarsa.

Kuma ya rantse da igiyar aurensa.

Kun san igiya ɗaya ta rage tsakaninsa da Inshirah, wato Ummu Fikri. Ta farko ta tafi a kan kankana, ya rantse ja ce, aka fasa ta fito fara fat. Ta biyu ta tafi a bugun fanareti.

To, mu ci gaba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Fikri ya zo da a-kori-kurarsa. Uwarsa ta shiga gaba, ni da Bayyumi muka zauna a baya a kan akwatunan tumatir, ɓawon albasa yana ta tashi yana manne mana a gemu. Ta 'yar tagar nan ta baya ake hira.

“Baba, a Ubur tumatir ne ke fara gaishe ka da safe,” in ji Fikri. “Babbar kasuwa ga ta a hanci. A Shuruk kuwa ko ashana za ka saya sai ka nemi mota.”

“Da la'asar iska daga ina take busowa?” in ji Bayyumi.

“Iska kuma? Daga sama mana, Baba.”

“Akwai shaho?”

“Ko ɗaya. Shaho duk suna Shuruk, can masu kuɗi suke.”

Ummu Fikri ta juyo. “Ni ba iska na zo tambaya ba. Hawa nawa ne, kuma ruwa yana kai wa sama?”

“Hawa ɗaya tak, Mama. Ruwa kuwa har sai kin ce ya isa.”

“Ka ji, Abu Fikri? Hawa ɗaya. Gwiwoyina sun zaɓa, ba sai an tambayi tsuntsu ba.”

Bayyumi dai sama yake kallo. Ni ma na taya shi. A hamada sama tana saukowa har ƙasa ta kowane gefe, kamar an kifa wa mutum kwano. A shataletalen shiga gari na ga wata bishiya ita kaɗai, an ɗaura mata siririn tiyo a gindi kamar mara lafiyar da ake ƙara wa ruwa. Na so a tsaya in tambaye ta daga ina aka kawo ta, amma ba wanda ya saurare ni.

Unguwar Fikri ba ta da suna, lamba ce da ita. Muka hau rufin gidansa. Faɗi kam akwai faɗi, sai ka yi sukuwar jaki a kai. A can kusurwa ga keji a buɗe, ga tattabaru biyu baƙaƙe masu farin wuya suna tsattsagar alkama.

Fikri ya buɗe hannuwa. “Ga su nan, Baba! Ina sakin Basha ya yi zagaye ɗaya ya tafi, kafin magariba sai ga shi da matarsa a baya. Magana ta ƙare. Ubur!”

“Ayyururui!” Ummu Fikri ta rangaɗa guɗa tun kafin kowa ya ce komai. Ni dai na ga guɗar ta yi saurin fitowa, kamar dama a bakin ƙofa take jira.

Bayyumi ya tsuguna. Ya yi musu fito irin nasa. Suka ɗago suka dube shi kamar mai karɓar kuɗin wuta, suka ci gaba da cin abincinsu. Ya kama ɗaya, ya shafa bayanta, ya buɗe fiffike, ya ajiye. Ya cusa hannunsa a aljihun jallabiya.

“Masha Allah,” ya ce. “Mu je Shuruk.”

“Shuruk kuma? Me za mu je yi?” in ji Ummu Fikri.

“Yarinya ta yi girki.”

A hanya Fikri ya yi ta zuba. Ya ce a Ubur mutum mai kai ba ya kwana da yunwa, shi kansa ya samu wani wurin ajiye albasa mai sanyi, ba haya, ba ɓera, maƙwabta kuma ba ruwansu da kowa. Muka zo daidai sabuwar maƙabarta, wadda ke tsakanin garuruwan biyu. Nan Bayyumi ya sayi wurin iyali shekarun baya, da katangarsa da ƙofar ƙarfe da ɗaki ɗaya na masu ziyara da bishiyar lemun tsami a farfajiya. Kawo yanzu surukarsa kaɗai ke ciki, matar da har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba, “mai rishon nan” take ce masa.

“Tsaya mu yi wa Hajiya fatiha,” in ji Bayyumi.

“Abinci zai huce!” Ummu Fikri da ɗanta suka faɗa baki ɗaya, Fikri ya ƙara taka mota.

Muka karanta fatihar a guje. Rabinta ta sauka a maƙabarta, rabi a gidan mai.

Shuruk kuwa sai da mai gadi ya tambayi sunayenmu kamar za mu shiga wurin sarki. Ciki shiru, ciyawa kore shar, ba yaro ko ɗaya a titi, ba mai tallan gas yana buga tukunya. Na ji kunnena yana neman abin da zai ji bai samu ba. A jikin ƙofa akwai allo da hotuna, kowanne an ja masa jan layi: igiyar shanya, ƙahon mota, da wani tsuntsu.

Widad ta fito da gudu ta rungume uwarta, ta sumbaci hannun ubanta. Shi yana nan tsaye gaban allon.

“Widad, wannan fa?”

“Agwagwa ce, Baba.”

“Agwagwa da wannan bakin?”

“Mai zanen ne bai iya ba. Sannu da zuwa, Kawu Mitwalli! Yaya Fikri, ka ajiye motar nan a bayan gida don Allah, warinta yana damun fure.”

“Furen da ake shayarwa da kuɗin haƙoran mutane?”

“Gara haƙori da ruɓaɓɓen tumatir.”

Tun suna yara suke faɗa a kan wa zai hau cinyar ubansu. Cinyar ta tsufa, faɗan bai tsufa ba.

Mijin Widad yana wurin aiki, don haka mu kaɗai ne a teburi. Aka kawo miyar lalo da tafarnuwa, aka kawo shinkafa da gurasa. Widad tana zubawa tana wa'azi.

“Nan iska ma tatacciya ce, Baba. Muna kan tudu, ba ƙura, ba manyan motoci suna jijjiga maka gado. Asibiti ga shi nan kusa saboda gwiwar Mama. A Ubur kuwa ƙuda har katin zama ɗan gari gare shi.”

“Aƙalla mu in mutum ya yi atishawa akwai mai ce masa yarhamukallah,” in ji Fikri. “Nan in ka mutu sai wari ya sanar da maƙwabta.”

Sai ta shiga kicin ta fito da faranti a rufe. Ta buɗe. Tattabaru biyu, an cusa musu gasasshiyar alkama, an soya su sun yi ja, ƙafafu a ɗaure kamar masu neman gafara.

“Naka ne kai kaɗai, Baba.”

Bayyumi ya yi bismilla. Da hannun hagu a aljihu, da na dama ya yage su. Ya ci nama, ya ci alkama, ya tauna ƙashi ya tsotse. Ni ina gefe ina haɗiyar yawu, ko fiffike bai miƙo mini ba, shekara da shekaru muna tare. Ya gama ya yi hamdala.

Nan Widad ta ɗauko hankici ta fara kuka.

“Baba, ka yafe mini. Akwai abin da ban faɗa maka ba.”

“Ina ji.”

“Basha ya zo. Wallahi ya zo, ya sauka a barandata, suka haɗu da Hanim suna ta guɗa. Shuruk suka zaɓa! Sai na fita unguwa, mai yi mini aiki ta gan su, ta ɗauka irin tattabarun da uba ke aiko wa 'yarsa ne don ta ci ta yi ƙarfi. Kafin in dawo...” Ta nuna farantin da hankici. “Shaidar tana cikinka, Baba.”

Ummu Fikri ta dafe kai da hannu biyu.

Fikri ya yi tsalle har kujera ta faɗi. “Ƙarya take yi! Ta ya za a soya su a nan alhali suna kan rufina suna cin alkama? Kawu Mitwalli, ba ka gan su ba?”

“Na ga wasu tattabaru,” na ce.

“A kan rufinka?” Widad ta ajiye hankicin, idon nan ƙayau ba ko ɗigon hawaye. “A ina ka sayo su, Yaya? Kasuwar Juma'a?”

“Ke a ina kika sayo naki, wurin mai kaji?”

“Mai warin albasa!”

“Matar mai filaya!”

Bayyumi ya ɗaga yatsa ɗaya. Suka yi tsit. Ya zaro hannun hagunsa daga aljihu ya shimfiɗa a kan farin mayafin teburi. Tafin nan baƙi ƙirin.

“Fikri.”

“Na'am, Baba.”

“Wannan ba rinin da kake sa wa gashin bakinka ba ne?”

Fikri ya rufe gashin bakin da hannu.

“Kuma Hanim ɗinka namiji ce. Ina tsugune tana kumbura wuya tana neman Basha da dambe.” Ya juya. “Widad.”

“Na'am, Baba.”

“Allah ya yi wa hannunki albarka, girki ya yi. Amma waɗannan 'yan shila ne, ko tashi ba su fara ba. Basha ya girmi ɗanki na fari. Da shi na ci, da yanzu ina kwance a kujerar mijinki yana neman sauran haƙorana.”

Ba wanda ya yi dariya sai ni, ni ma na mayar da ita tari.

“Na raba tsuntsu biyu, na zo na tarar da huɗu, kuma ba nawa a ciki. Nawa suna da zoben tagulla a ƙafa, da hannuna na yanko shi daga tsohon risho. Fikri, da ka buɗe keji ina Basha ya nufa?”

Fikri ya sunkuyar da kai. “Shuruk ya miƙa, Baba. Ko waiwaye bai yi ba. Na ce shi ke nan, ta cinye ni.”

“Shuruk?” in ji Widad. “Ai Hanim Ubur ta nufa! Maƙwabciya ce ta kai ƙara, dole na sake ta, ina kallo ta bi ta wajenku. Na kwana ina cewa mai albasa ya ƙwace mini uba.”

Suka dubi juna.

“To ko gida suka koma?” in ji Widad a hankali. “Wayyo, in gida suka koma ai rantsuwar ta ɗaure Baba a benen nan, ya faɗo a kansu.”

“Ba su koma ba,” na ce. “Kullum da safe ni da shi muke hawa rufi. Babu su.”

Bayyumi bai dubi kowa ba sai ɗansa. “Fikri, kai ba ka da wayon rini. Tun kana yaro in ka yi ƙarya kunnenka ke motsi. Wa ya ba ka shawara?”

Kunnen Fikri ya motsa. Idonsa ya zame ya faɗa kan uwarsa.

“Kai, ɗan banza, me kake kallona?” in ji Ummu Fikri.

“Mama, ai ke kika ce...”

“Na ce ka rufe bakinka, shi ne abu na ƙarshe da na ce!” Ta juya kan Widad. “Ke kuma uwar iyayi, wa ya sa ki? Da kin yi shiru da tuni an gama, ina hawa ɗaya da ruwan famfo!”

“Inshirah,” in ji Bayyumi.

Jama'a, in kuka ji ya kira ta da sunanta na yanka, to magana ta kai inda ta kai.

“Ina suke?”

“Ban sani ba.”

“Kin yi guɗa kafin ki kalli keji. Kin hana a tsaya yi wa mahaifiyarki fatiha, ke da ko a mafarki kika wuce wurin sai kin tsaya. Ina suke?”

Ta dubi 'ya'yanta, ta dube shi. Sannan ta fashe.

“Suna wurin Mama! Ka ji daɗi? Ranar Alhamis na je ziyara na same su a kan lemun tsami, da zobensu da komai. Ni ce na sa mai gadin maƙabarta ya riƙa zuba alkama da ruwa a kan katanga, sadaka ga tsuntsaye, ladan ya kai mata. Wannan ya taso daga nan, waccan ta taso daga can, suka haɗu a tsakiya a kan alkamata! Ni da hannuna!”

Gudun gara an faɗa gidan zago.

Na dubi Bayyumi. Na yi zaton zai firgita. Sai na ga fuskarsa tana buɗewa a hankali kamar gurasa a tanda.

“Sun yi sheƙa?”

“Kar ka fara.”

“Inshirah, sun yi sheƙa?”

“...Sun yi.”

“Da ƙwai?”

“Biyu.”

Ya ɗauki hularsa ya sa. “Ba maƙwabta masu kai ƙara. Ba manyan motoci. Ba matakala ko ɗaya. Ga bishiya, ga ruwa. Mitwalli, ka ga hankalin tsuntsu?”

“Wurin akwai iska,” na ce, don gaskiya ce.

“Baba, maƙabarta ce fa!” in ji Widad. “Me zan ce wa dangin mijina?”

“Ki ce musu na tare da wuri.”

Ummu Fikri ta tashi da gwiwoyin nan da ta ce ba sa aiki, ta riga shi kai wa ƙofa. Ta cire takalminta ɗaya ta ɗaga.

“Wallahi, Abu Fikri, in ka taka ƙofar nan...”

“In ban taka ba igiyar ta tsinke, kuma ita kenan.” Muryarsa ta yi ƙasa. “Baki ne ya yanka wuya, na sani. Amma kankana ta ci ɗaya, ƙwallo ya ci ɗaya. Wannan ba zan bari ta tafi ba, Inshirah, ko da a kusa da uwarki zan kwana tana ce mini mai risho.”

Takalmin ya tsaya a sama. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta sauke takalmin a hankali, ta zura ƙafa.

“Ɗakin nan,” ta ce, “akwai wurin sa wa firij wuta?”

“Zan ja waya.”

“Gadona bangon gabas za a sa shi. Kuma tsuntsayenka ba za su yi wa Mama kashi a ka ba.” Ta share ido da gefen mayafi. “Fikri, kawo mabuɗin ɗakin. Kullum ka ce kwaɗon ya yi tsatsa, yau sai a fasa shi.”

Fikri bai motsa ba. Kunnuwansa biyu suna ta kaɗawa kamar za su tashi da shi.

“Mama... kuna son albasa?”

“Wace irin tambaya ce wannan?”

“Ɗakin... a cike yake. Har rufi. Sai farashi ya tashi zan kwashe.”

Widad ta saki faranti.

“Albasa?” in ji Ummu Fikri. “A ɗakin uwata? Shi ya sa duk na je tun daga ƙofa nake zubar da hawaye! Ni ina cewa kewarta ce!”

Takalmin ya sake fitowa, wannan karon da ɗan'uwansa. Fikri ya zagaya teburi, ta bi shi, Widad tana ihu a yi hankali da gilashi. Ni na laɓe bayan labule ina tunanin ko matattu suna jin wari.

Sai muka ji a-kori-kura ta yi tari a bayan gida, ta sake tari, ta kama.

Fikri ya shafa aljihunsa, ba mabuɗin mota. Muka dubi kujerar Bayyumi. Ba kowa a kai, sai ƙashin 'yan shila da tambarin baƙin tafi a kan mayafi.

Kuma jama'a, tun da nake da Bayyumi, ko amalanke bai taɓa tuƙawa ba.